Daren farko da kuka fita tare da abokai a gem ɗin zombi, yaya ta kaya?

Mai-Tocila:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina buga Dying Light ni kaɗai, na farkon nan da kamfanin Techland suka fitar a 2015, kuma ban taɓa yarda dare ya riske ni a titunan Harran, garin da ke cikin gem ɗin, ba. Da na ga rana ta yi ja, sai in ruga wuri mai tsaro in kwanta. Makon jiya ƙanina da abokansa biyu suka ja ni muka cika mu huɗu, iyakar abin da gem ɗin ke ɗauka ke nan. Suka ce yau ba barci, tunda da dare ake ninka makin gudu da na faɗa.

Mun yi nisa a kan rufin gidaje sai ƙafar ƙanina ta zame, ya faɗo lungu. Ina kallon ƙaramar taswira, ga Volatile biyu, mugayen zombin nan da ke farauta da dare, sun juyo da fuskarsu wajensa. Ni ina sama, ba abin da ya gan ni, ga fitilun wuri mai tsaro ina hangowa. Wallahi ban san lokacin da na diro ba. Na haske su da tocilar UV, wadda ba sa jure haskenta, suka ja baya, na tashe shi, muka ranta a na kare. Hannuna na rawa har muka shige. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da ni kaɗai nake kaina kawai nake ji wa tsoro, ranar kuwa na manta da kaina gaba ɗaya. Ku ba mu naku labarin, ko a wane gem ne.

Ɗan-Tsalle:
Wa alaikumus salam yaya. Ka yi sa'ar abokan tafiya. Mu namu daren farko bindiga ce ta ɓata shi. Wani cikinmu ya samu sabuwa, ya ga zombi ɗaya tak a bakin hanya ya sakar masa harsashi. Ka san ƙara ce ke kiran Viral, masu gudun nan da ke hawa gini kamar mutane. Kafin mu ankara sun yanyame mu, mutum uku a ƙasa, na huɗun ya rasa wa zai fara tasarwa. Tun daga ranar muka kafa doka: ba mai harbi sai ya faɗa a makirufo an amsa masa. Mai son kawar da taron zombi ya jefa abin tartsatsin wuta can gefe, su bi ƙarar, mu wuce.

Uwar-Sansani:
Ni nawa a State of Decay 2 ne, kuma har yau yana yi min ciwo. Ga wanda bai sani ba, a can in mutuminka ya mutu ya tafi ke nan, ba ya dawowa, ko da a duniyar abokinka ya mutu. Ƙawata ta gayyace ni in taya ta rusa Plague Heart, wato cibiyar zombi masu annoba, na ɗauki matar da na fi ji da ita a sansanina, wadda na yi makonni ina horarwa, ita ce mai ilimin magani a cikin mutanena. Muka tafi da mota cikin dare, ba mu duba mai ba. A hanyar dawowa motar ta tsaya. Muna cikin zuba mai sai ga Feral, zombin nan mai saurin tsiya, ya banke matar tawa ƙasa. Ƙawata ta yi iya yinta, harsashinta ya ƙare, matar ta mutu.

Shiru muka yi ni da ita, mun fi minti ɗaya ba mai magana. Daga baya ta ce laifinta ne, na ce a'a, mu biyu muka fita ba shiri. Ban daina zuwa taya ta ba. Amma yanzu kafin mu tashi sai mun lissafa da baki: mai, abin gyaran mota, magani, harsashi. Sannan in kai ne baƙo, ka sani ba ka da ikon yin nisa da mai masauki, don haka a yi shawarar hanya tun daga gida.

Mai-Tocila:
Kai, sannu 'yar'uwa. Wannan ya fi namu zafi nesa ba kusa ba. Mu in an mutu maki ne ke raguwa, a farka a wuri mai tsaro.

Magini:
Malamai, ba wanda ya ambaci 7 Days to Die, alhali can ne ake gane wa ke da haƙurin zama da jama'a. Duk kwana bakwai sama takan yi ja, da ƙarfe 10 na dare garken zombi su taso, kuma ɓuya ba ta da amfani don sun san inda kake. Sai ƙarfe 4 na asuba abin ke lafawa.

Mu biyar ne. Kwana shida kowa na harkar gabansa, wannan na haƙar ƙarfe, wancan na yawon kwasar kaya a gidaje, ba wanda ya tambayi wani me ya tanada. Ranar ta bakwai muka haye saman wani gida muka sare matakala, muna ganin mun yi dabara. Ashe gini a gem ɗin nan yana da nauyi na gaske, in aka cinye abin da ke riƙe da shi sai ya rufta. Zombi suka duƙufa kan bangon ƙasa, wajen ƙarfe 1 rufin ya tafi da mu duka. Kowa ya farka inda ya shimfiɗa abin kwanciyarsa, biyu daga cikinmu ma ba su shimfiɗa ba, jakunkunanmu kuma na can tsakiyar garke.

An yi cacar baki ranar, ba zan ɓoye ba. Washegari muka zauna muka raba aiki: ni gini, ɗaya noma da girki, ɗaya magani, biyu fita nema. Kowa ya zuba makinsa a fanninsa maimakon mu duka mu zama rabi-rabi a komai. Muka bar wa zombi hanya guda ɗaya a buɗe da gangan, muka cika ta da tsinkayen katako, don in suka ga hanya ita suke bi, su ƙyale bango. A jan dare na biyu ba wanda ya mutu. A ganina daɗin wannan gem yana cikin kwana shidan shiri, daren kansa sakamako ne kawai.

Ɗan-Tsalle:
Malam Magini, wannan dabarar barin hanya zan gwada ta. Wani abu kuma da ba a faɗa ba shi ne natwok. In na mai masauki ya yi rauni kowa sai ya ji a jikinsa. Na taɓa yin tsalle daga rufi zuwa rufi, na ga na sauka lafiya, hoto ya tsaya, da ya dawo ina ƙasa cikin zombi. Yanzu wanda intanet ɗinsa ya fi ƙarfi shi ke buɗe wasa, ko da ba shi ya fi nisa a labari ba.

Uwar-Sansani:
Yaya Mai-Tocila, tunda kun fara tare, ka shirya ranka: aikin ƙarshe na Dying Light na farko kowa shi kaɗai yake yinsa, ba a shiga da abokai. Mu da muka kai wurin, sai muka bar makirufo a kunne, kowa na hawan nasa benen muna jin numfashin juna.

Mai-Tocila:
Na gode da kika faɗa min tun yanzu. Zan gaya wa ƙanina mu yi yadda kuka yi. Daren Asabar za mu sake fita, mun samu gurbin mutum ɗaya don ɗayan abokin nasa ba zai samu dama ba. Mai so ya yi magana.