Kundin i/o na Peter Gabriel bai shige ni ba, ga shi yayana na jiran ra'ayina

Baban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan i/o, kundin waƙoƙin da mawaƙin Birtaniya Peter Gabriel ya fitar ranar 1 ga Disambar 2023, bayan ya shafe shekara 21 bai fitar da kundin sababbin waƙoƙi ba. Na saurare shi tun daga farko har ƙarshe, na koma na maimaita, kuma tsakani da Allah bai shige ni ba. Waƙa 12 ce, sun haura awa ɗaya, amma kafin in kai rabi hankalina ya riga ya tafi wani wuri. Kiɗan tsaf yake, muryar ma tana nan, sai dai komai a sanyaye ake yin sa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yayana. Shi ya fara sa mini kaset ɗin So, kundin Gabriel na 1986, ina yaro, a hannunsa na san wane ne Gabriel, na san tsohuwar ƙungiyarsa Genesis, na san mawaƙin Senegal Youssou N'Dour. A wurinsa i/o ya fi duk abin da mutumin ya yi tun 1986, kullum maganarsa tsohuwar zuma da ita ake magani. Yanzu ya ce in faɗi ra'ayina a gaban abokan da muke zaman sauraron kiɗa tare, kuma Yaya mutum ne da ba ya son a yi masa musu a bainar jama'a. Na duba abin da masoyan mawaƙin ke cewa, na tarar sun rabu biyu: masu cewa sun yi hawaye da suka ji, da masu cewa barci ya ɗauke su. To laifin kunnena ne ko na kundin? Kuma in faɗa wa Yaya gaskiya ko in bi shi da "ya yi kyau" a wuce wurin?

Injiniya Bala:
Wa'alaikumus salam. Kafin a kai ga Yaya, wanne ka saurara? Domin haɗin sauti uku aka yi wa kundin nan. Akwai Bright-Side na Mark Stent, akwai Dark-Side na Tchad Blake, sai In-Side na Hans-Martin Buff, wanda aka tsara don na'urar da ke kewaye mai sauraro da sauti ta kowane ɓangare. Waƙoƙin iri ɗaya ne, amma abin da aka turo gaba da abin da aka mayar baya ya bambanta. A kunnena na Stent ya fi sheƙi, murya a sama, komai a goge. Na Blake ya fi duhu da ƙura, ganguna da bes sun fi cika ɗaki. Mutumin da ya tashi da tsofaffin kundayen Gabriel yawanci na biyun ya fi kama shi. Kuma don Allah kada ka yanke wa bes ɗin Tony Levin hukunci da lasifikar waya, rabin aikinsa ba ya fitowa ta nan.

Maman Hanifa:
Ni tambayata daban ce, Baban Khalil. Wata-wata ka bi shi, ko sai da ya fito gaba ɗaya? Ka san tun Janairun 2023 ya riƙa sakin waƙa ɗaya duk daren da wata ya cika, har shekara ta zagayo. Mu da muka bi shi a haka, ranar da kundin ya fito babu waƙa ko ɗaya da ba mu ji ba. Ɗokin da mutum ke yi in ya buɗe sabon abu duk mun riga mun cinye shi kaɗan-kaɗan. Ka kwatanta da David Bowie. Shekara 10 bai fitar da kundi ba, mutane da yawa sun ɗauka ya yi ritaya tun ciwon zuciyar da ya same shi a Jamus a 2004. Ya yi aikinsa a ɓoye a New York, har sai da aka sa masu aikin suka sa hannu cewa ba za su faɗa ba. Ranar 8 ga Janairun 2013, ranar da ya cika shekara 66, kawai aka wayi gari da sabuwar waƙa da sanarwar kundi. Mamakin kaɗai ya ishi masoyansa murna kafin ma su tsaya auna waƙoƙin. Gabriel bai samu wannan rangwamen ba.

Baban Khalil:
Wata-wata na bi shi, Maman Hanifa. Kuma Injiniya, Bright-Side na saurara, ɗayan ko buɗe shi ban yi ba.

Malam Tanimu:
Baban Khalil, bari in ɗan ja ka baya, tunda na girme ku a wannan harka. Rabuwar kan masoyan da ka gani ba yau ta fara ba, kuma ba a kan Gabriel aka fara ta ba.

A 1975 da ya bar Genesis, masoyan ƙungiyar sun ce ya kashe kansa ya kashe su. A 1980 da ya kammala kundinsa na uku, wanda "Biko" ke ciki, kamfanin Atlantic da ke sayar da waƙoƙinsa a Amurka ya saurara ya ce ba zai fitar ba, ya sallame shi, sai Mercury ne ya ɗauka. A wannan kundin ya hana masu ganga, har da Phil Collins, taɓa faifan ƙarfen nan da ake bugawa tare da ganguna, abin da a lokacin ya yi wa kunnuwa da yawa banbaraƙwai. Yau kuwa shi ne kundin da tsofaffin masoya ke rantsuwa da shi. Shi kansa So ɗin da kai da yayanka kuka mayar ma'auni, da ya fito a 1986 akwai waɗanda suka ce mutumin ya bi kuɗi, ya koma waƙar rediyo. "Sledgehammer" ta hau mataki na ɗaya a Amurka, bayan ta ture waƙar Genesis daga matakin, amma masu son dogayen waƙoƙinsa na da ba su yafe masa ba sai da aka daɗe.

Shari'a biyu za su nuna maka irin tarkon da tsohon mawaƙi yake ciki. A 1983 kamfanin Geffen ya kai Neil Young kotu yana neman sama da dala miliyan 3, a kan cewa kundayen da ya ba su ba su yi kama da irin kiɗan da aka san shi da shi ba. Daga baya aka sasanta. Shi kuwa John Fogerty, da ya dawo da Centerfield a 1985 bayan kusan shekara 10, kamfanin Fantasy da ke riƙe da haƙƙin tsofaffin waƙoƙinsa na ƙungiyarsa ta da, Creedence, ya maka shi a kotu, wai sabuwar waƙarsa ta kwaikwayi wata tsohuwa. Tsohuwar kuma shi ya rubuta ta da hannunsa. A 1988 sai da ya shiga kotu da jita ya kaɗa wa masu taya alƙali hukunci, ya nuna musu cewa salonsa ne kawai, ya kuma yi nasara. Ɗaya an kai shi ƙara don bai yi kama da kansa ba, ɗaya don ya yi kama da kansa. Kamfanoni ne suka kai ƙarar, amma mu masoya haka muke yi musu duk fitowar kundi, sai dai mu ba mu da lauya.

Saboda haka ka tambayi kanka me ka je nema. In So na biyu ka je nema, wanda ya yi shi yana da shekara 36 ne. Wanda ya yi i/o yana da 73.

Abba:
Baba Tanimu, a gafarce ni, amma wannan tarihin zai iya wanke kowane kundi komai muninsa. Don an taɓa kushe abu mai kyau ba ya nufin duk abin da aka kushe mai kyau ne. Yaya Baban Khalil, kunnenka lafiyarsa ƙalau. Kundin yana da nauyin jiki, kuma dalilin a fili yake: an daɗe ana shafa shi. Tun zamanin kundinsa Up, wato 2002, ake jin sunan i/o a bakinsa. "Love Can Heal" tun 2016 ya rera ta a rangadinsa da Sting, don tunawa da 'yar majalisar Birtaniya Jo Cox da aka kashe a shekarar. Waƙar da ta shekara bakwai ko ashirin ana gyara ta, duk wani kaifi da ke jikinta sai ya tafi. Mun ga haka da Chinese Democracy na Guns N' Roses a 2008, jira ya yi tsawo har babu kundin da zai iya biyan sa.

Kuma kada a ruɗe ka da cewa ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya, karon farko tun So. Ya hau ɗin, amma tsofaffin masoya masu sayen faifai da hannu su ke kai irin waɗannan kundayen sama a makon farko. Grammy biyu da ya ci a 2025 ma ka duba ɓangaren: na ingancin ɗaukar sauti da na sautin kewaye. Injiniyoyi aka yaba wa.

Injiniya Bala:
Abba, ka faɗi haka kamar zagi ne. Mu ma mutane ne.

Anti Rabi:
Ni ina cikin masu hawayen da ka ambata, ƙanena, don haka ka san inda na tsaya. "And Still" ya yi ta ne a kan mahaifiyarsa bayan rasuwarta. Lokacin da na fara jin ta ban ga komai a ciki ba sai tsawo. Bayan na yi nawa rashin na sake ji, sai da na tsayar da abin da nake yi. "Playing for Time" da "So Much" duk maganar tsufa ce da ƙarewar lokaci, kuma mutum mai irin shekarunsa ba zai yi wannan maganar da gudu ba. Sanyin da kake ƙorafi a kai, a waɗannan waƙoƙin da gangan ne.

Ban ce dole ka so shi ba. Amma ka lura da wani abu game da yayanka. Waƙar da mutum ya ji tsakanin tasowarsa da farkon shekarunsa na ashirin ita ke zama masa ma'auni har tsufa. Kai So ya same ka kana yaro, shi ya sa babu abin da zai kamo shi a wurinka. Shi kuwa Yaya ya fi ka kusa da shekarun mawaƙin, ya jira shekara 21 yana fargabar ko mutumin ya gama, sai ga shi ya dawo da muryarsa kusan yadda ya bar ta. In ka ce masa "tsohon ya gaji", ba Gabriel kaɗai zai ji kana nufi ba.

Malam Tanimu:
Abba ya yi gaskiya a abu ɗaya, ban ce kundin ba shi da aibi ba. Ni kaina da an cire waƙa biyu daga tsakiya da ban yi kewarsu ba. So waƙa tara ce kacal a kaset, a faifai ma takwas, shi ya sa ba ya gundura. Abin da na ƙi shi ne a ce shekaru ne aibin. Johnny Cash ya haura 60 lokacin da ya dawo da American Recordings a 1994, daga shi sai jita, kuma babu wanda ya yi barci.

Maman Hanifa:
To mu koma kan Yaya, tunda shi ne ainihin tambayar. Kada ka yi masa ƙarya, don wanda ya koya maka sauraro zai gane "ya yi kyau" ta fatar baki tun kafin ka rufe bakinka, kuma hakan zai fi yi masa ciwo. Amma kada ranar zaman ta zama ranar da zai fara jin ra'ayinka. Ka same shi ku biyu tukuna. Ka ce, "Yaya, akwai waƙoƙin da suka kama ni, akwai waɗanda har yanzu ban gane ba, wacce ce ta fi taɓa ka?" Ka bar shi ya yi bayani. Babban yaya in an tambaye shi ya koyar, ba ya jin an yi masa musu. Ranar zaman kuma ka kama suna: waƙa kaza ta yi mini tsawo, a waƙa kaza na so a saki ganguna. Wannan magana ce da za a iya tattaunawa. "Bai shige ni ba" kuwa babu abin da mutum zai amsa da shi sai fushi.

Abba:
Na yarda da Anti Maman Hanifa, da sharaɗi ɗaya. In ka sake saurara har yanzu bai yi maka ba, ka faɗa a zaman. Ina tabbatar maka akwai mutum biyu ko uku a cikinsu da suke jin abin da kake ji, kwarjinin Yaya ne ya rufe musu baki.

Injiniya Bala:
Kafin ka je wurinsa ga aikin gida. Ka ɗauki Dark-Side, ka sa abin sauraro mai rufe kunne, kuma kada ka bi jerin yadda aka tsara shi. Fara da "Road to Joy", wadda mai tsara kiɗa Brian Eno ya sa hannu a ciki kuma mawaƙan Soweto Gospel Choir na Afirka ta Kudu suka yi amshi, ita ce ta fi kusa da Gabriel ɗin da ka sani. Sai "Olive Tree" saboda masu busa, sai "The Court", sai "Live and Let Live". Ka kasa kunne ga Manu Katché a kan ganguna da David Rhodes a kan jita, su ne dai mutanen da suka yi So tare da Levin. Masu sanyin ka bar su sai wani dare daban, ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su a zama guda. In ka gama ka dawo ka faɗa mana ko "The Court" ta canza maka a haɗin Blake, don ni da Abba mun daɗe muna musu a kanta.