Ɗana yana dariya idan ƙanwarsa tana kuka: ƙeta ce ko ƙuruciya?

Maman Sadiq, Tudun Wada

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana. Ina neman shawara game da ɗana mai shekara biyu da wata uku, wanda na yaye da wuri saboda cikin ƙanwarsa, ita kuma yanzu watanta biyu. Ranar Juma'a na kwantar da jaririyar a kan tabarma ina dama kunu, sai ya lallaɓa ya murɗe mata kunne, ta tsala ihu, shi kuwa ya tsaya yana kallon fuskata yana ƙyalƙyala dariya. Surukata ta ce wannan alamar ƙeta ce, a fara nuna masa bulala, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaron nan ne ranar da tukunya ta ƙona mini hannu ya zo ya cusa mini guntun biskit ɗinsa a baki, duk ya jiƙe da miyau, yana cewa "sannu Mama". To, wanne ne halinsa na gaskiya?

Malama Bilki, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Na daɗe ina koyar da yara 'yan ajin reno, kuma abin da na fi kamawa a labarinki shi ne fuskarki yake kallo, ba ta jaririyar ba. Tun yaro yana kusan shekara ɗaya yake duban fuskar uwarsa domin ya gane ko abin da ke gabansa na tsoro ne ko na wasa, kuma idan ya kai shekara biyu sai ya fara gwaji da gangan: na taɓa nan, ƙara ta tashi, Mama ta yar da muciya ta taho da gudu. A wurinsa wannan abin mamaki ne, shi ya sa yake dariya, amma bai gama haɗa cewa zafin da yake ji idan an ja nasa kunnen shi ne ƙanwarsa take ji ba. Cikakkiyar fahimtar cewa wani yana da tunanin da ya bambanta da nasa sai wajen shekara huɗu take zaunawa.

Tausayin kuwa yana nan, biskit ɗin shaida ne, ya ba ki abin da ke sanyaya masa rai ne a zatonsa ke ma zai sanyaya miki. A shekarar 2006 wasu masu bincike a birnin Leipzig na Jamus sun gwada yara 'yan wata 18, inda babban mutum yake shanya sai abin maƙale kayan ya suɓuce masa, yaran suka riƙa ɗaukowa suna miƙa masa ba tare da an roƙe su ba, amma idan da gangan ya jefar, yawanci ba sa kulawa. Saboda haka idan ya sake, ki riƙe hannunsa, ki haɗe fuska ba tare da ihu ba, ki ce masa "akwai zafi, dubi tana kuka", sannan ki kama hannun nasa ki shafa mata kai da shi. Za ki maimaita har ki gaji.

Hajiya Kaka, Kawo

'Yata, Malama ta faɗi gaskiya, sai dai ta tsallake abu ɗaya, wato kishi. An karɓe masa nono, an karɓe masa baya, 'yan barka sun cika gida kowa jaririya yake ɗauka, shi kuma sai dai a ce masa "matsa can". A zamaninmu idan an yaye yaro wurin kakarsa ake kai shi ya kwana biyu ana lele da shi, yanzu kuwa kuna ɗaki ɗaya yana ganin komai da idonsa. Ki ba shi aiki a wurin wankan jaririyar, ya miƙo soso, ya riƙe kwalbar mai, kina ce masa "Yaya Sadiq", kuma idan ta yi barci ki goya shi ko na ɗan lokaci ne. Surukarki kuma kada ki yi musu da ita, ki tuna mata cikin ladabi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, da wani ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Kada dai ki sake barin su su biyu a kan tabarma.

Baban Ummi, Rigasa

Ni ma'aikacin jinya ne, kuma ban ga abin damuwa a nan ba. Yaron da ake so likitan yara ya duba shi ne wanda a wannan shekarun ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, kuma ba ya haɗa ido da mutane. Naki yana karanta fuskarki sarai.

Maman Sadiq, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na gwada shawararku yau da safe, ya riƙe kwalbar mai yana ta hura hanci, har ya hana ƙanwata taɓa jaririyar yana cewa "tawa ce". Da rana kuma na kama shi ya nufi kunnen nata, na riƙe hannunsa kamar yadda Malama ta ce, bai yi dariya ba, ya dai tura baki ya koma bayan ƙofa. Bayan ɗan lokaci ya fito ya ajiye mata takalminsa ƙafa ɗaya kusa da kanta, ya koma wasansa.