Me ya sa ACTH ke ƙara yawan makarɓinsa a adirinal maimakon ya rage shi?

Dalibi_Fiziyoloji: Salamu alaikum malamai. An koya mana idan homon ya yi yawa, sel yakan rage makarɓansa, wato furotin ɗin da homon ke kamawa don isar da saƙonsa. To sai ga shi an ce a glandar adirinal, wadda ke saman ƙoda, ACTH, homon da glandar fituwitari ta ƙasan ƙwaƙwalwa ke saki don ya sa adirinal ta fitar da homon kotisol, ƙara nasa yake yi. Ta yaya?

Dakta_Endo: Wa alaikumus salam. Haka ne, kuma a nan ɗalibai ke rikicewa. Makarɓin ACTH sunansa MC2R, ƙwayar gadonsa tana kan kuromozom na 18. Idan ACTH ya kama shi, sinadarin isar da saƙo mai suna cAMP yana hauhawa a cikin sel, ya tada furotin PKA, daga nan saƙo ya isa cibiyar sel. A bakin ƙwayar gadon akwai gurabe da furotin SF-1 ke zama, shi ke buɗe hanyar kwafo ta. Sai mRNA, wato kwafin ƙwayar gadon, ya ƙaru, sabbin makarɓai su fito. Wato glandar da ake yawan kira ita ce ke ƙara buɗe kunne.

Amma MC2R ba ya kaiwa fatar sel shi kaɗai, sai da rakiyar wani furotin mai suna MRAP, wanda aka gano a 2005. Yaron da aka haifa da nakasa a ɗayan biyun, ACTH ɗinsa a sama, kotisol a ƙasa, fata ta yi duhu, suga na faɗuwa. Aldosteron kuwa, wani homon na adirinal mai daidaita gishirin jiki, galibi lafiya lau, don homon anjiyotensin II da fotasiyam ne ke jan ragamarsa.

Malama_Famasi: Dakta, bari in juya maganar. Wanda ya ɗauki sama da mako uku zuwa huɗu yana shan firednisolon, magani mai aiki irin na kotisol, fiye da miligiram 5 kullum, fituwitari takan daina sakin ACTH. Makarɓai su ragu, ɓawon glandar ya shanye. Idan ya daina maganin kwatsam, sai jini ya faɗi, amai, suma. Shi ya sa ake ragewa a hankali. Masu shan deksametason don ƙiba da masu shafa man bilicin mai kulobetasol, magunguna dangin firednisolon, duk suna cikin wannan hatsari.

Dakta_Endo: Gaskiyarki Malama. Gwajin gano raunin glandar shi ne allurar Synacthen, wato ACTH na haɗi, maikirogiram 250, a auna kotisol kafin allura, sannan bayan minti 30 da 60. A kula dai: idan fituwitari bai fi mako huɗu zuwa shida da lalacewa ba, glandar ba ta gama shanyewa ba, gwajin zai iya nuna lafiya alhali akwai matsala.