VLC na rufe kansa a bidiyon HEVC, ina mafita?

Assalamu alaikum, masana kwamfuta. Ga wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce tsohuwa, Windows 10, RAM giga 4, da manhajar kunna bidiyo ta VLC 3.0. Bidiyon da aka matse da tsarin H.264 na tafiya lami lafiya. Amma da an buɗe fayil na HEVC (wani tsarin matse bidiyo da ya zo bayan H.264) mai bit 10, sai sauti ya fara, hoton ya fito kore shar, bayan daƙiƙa biyar manhajar ta ɓace ba ko sallama. A Event Viewer (inda Windows ke ajiye bayanan kurakurai) lambar kuskuren 0xc0000005 ce, wato an taɓa wurin da ba a ba da izini ba a ƙwaƙwalwa.

An goge fayil ɗin saitunan VLC, wato vlcrc, da ke cikin %APPDATA%\vlc, an cire manhajar an sake sakawa, babu canji. An sauya hanyar fitar da hoto daga Direct3D11 zuwa OpenGL, koren ya tafi amma rufewar na nan. Abin da ya yi tasiri kaɗai shi ne kashe Hardware-accelerated decoding (wato barin katin hoto ya warware bidiyon) a sashen Input/Codecs na saitunan VLC. Rufewar ta daina, sai dai furosesa ta kai kashi 100, fanka na ta kuka, hoton na tsalle yana bin sauti a baya.

Zargina, katin hoton ya tsufa, bai iya warware HEVC mai bit 10 ba. Sabunta direbansa zai yi amfani kuwa, ko dole a maida fayilolin zuwa H.264 da manhajar sauya tsarin bidiyo ta HandBrake? Na gode.