Neman shawara: keken Raleigh na marigayi mahaifina, in fente shi ko in bar shi?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan keken mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Satin da ya wuce muna kwashe kayan ɗakin ajiya don za a sake rufi kafin damina, sai ga shi a bayan tsofaffin buhuna, jingine da bango. Raleigh ne baƙi, mai birkin ƙarfe da giya uku, lambar kan zalɓen nan tana gabansa daram. Da shi ya yi aikin malamin gona tun zamanin Jihar Arewa maso Yamma, yana zagaya ƙauyukan Wamakko da Kware nan ƙasar Sakkwato. A kariyarsa ya riƙa kai ni firamare, har yau ina jin muryarsa yana cewa in buɗe ƙafa kada waya ta kama ni.

Tayoyin sun bushe kamar ƙirgi, sarƙa ta ƙage, tsatsa ta kama wili da kan keken, sirdin fata ya tsage gefe guda. Fentin ya dushe, amma siririn zanen ruwan zinari na jikinsa yana nan. Na kai wa wani mai gyara, ya ce a kankare shi tas a fesa sabon fenti, a cire giyar a sa hob (wato cibiyar wili) na keken Phoenix, a ɗora sirdin roba. Wani ma ya taya shi nan take. Zuciyata ba ta kwanta ba, na turo abina gida. Don Allah ta ina zan fara, kuma yaya zan san shekararsa?

Tsohon mai faci, Ƙofar Taramniya:
Wa alaikumus salam. Allah Shi gafarta mishi. Ɗana, ka yi dabara da ka maido shi gida. Kada ka bari kowa ya sa sanfefa ga wanga keke. Fentin da anka yi mishi a Ingila gasa shi anka yi, na feshi ba ya kama ƙafarshi, rana biyu ta Afrilu sai ka ga yana ɓarewa. Ka wanke shi da ruwa da sabulu, ya bushe, ka shafe shi da tsumma mai ɗan baƙin mai. Za ka ga baƙin ya dawo. Wajen zanen zinarin ka bi a hankali, gugar ƙarfi tana ɗauke shi.

Sarƙa ka jiƙa ta cikin kananzir kwana biyu. Duk notin da ya ƙi, ɗiga mishi mai ka bar shi ya kwana, kada ka yi kokawa da shi. Kuma ka riƙe wannan: fedar hagu a juye take kwancewa. Na ga kekuna da yawa da yara sunka lalata don rashin sanin haka.

Mai tara tsofaffin kekuna, Arkilla:
Baba ya gama magana a kan fenti. Ni shekarar zan taimaka maka da ita. Ka goge hob ɗin baya da kananzir. In giyar Sturmey-Archer ce, za ka ga sunan, da haruffa irin AW, sannan lambobi kashi biyu: na farko shekara, na biyu wata. In ka ga 68 da 5, watan Mayu ne na 1968. Sai dai shekarar hob ɗin ke nan, in an taɓa canza wilin baya lissafi ya sauya. Ka duba ƙasan lambar zalɓen kuma, na Ingila suna ɗauke da sunan Nottingham, garin da kamfanin ya yi ta ƙera keke har 2002.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar sa kayan Phoenix. Raleigh na wancan zamani zaren notinsa daban yake a wuyan keke da gindin feda: zare 26 a inci guda, alhali yawancin kekuna 24 ne. In aka tura na wani da ƙarfi zai shiga zagaye biyu ko uku, daga nan ya cinye zaren, ƙarfen ya tashi aiki. Don haka kwanukan boris na asali ka wanke su ka mayar, ƙwayoyin boris ɗin kawai za ka saya sababbi, ka cika da giris. A gindin feda 11 ne kowane gefe. Ka shimfiɗa tsohon zane kafin ka kwance, don in suka zube cikin rairayi ba ka ƙara ganinsu.

Taya ka nemi mai rubutun 28 x 1½, ka tabbata akwai 635 a jikinta. Akwai wata da ake kira 28 ita ma, mai 622, ba ta hawa wilinka. Ka shiga Babbar Kasuwa wajen masu kayan keke da tsohuwar tayar a hannunka.

Wani ɗan kasuwa, Gawon Nama:
Ni gaskiya ina ganin wahala za ka sha. Kuɗin da za ka kashe ya kusa sayen sabo, kuma garin ga babura sun cika titi, ina za ka hau shi? Tunda an taya, ka sayar ka yi wa marigayi sadaka da kuɗin, ladan ya isa gare shi.

'Yar Runjin Sambo:
Alhaji, sadaka alheri ce, amma yana iya yin ta da wani kuɗin. Namu keken haka aka sayar wa 'yan gwangwan bayan rasuwar babanmu, a kilo aka auna shi. Ƙanena har yau in ya ga irinsa a hanya sai ya tsaya ya bi shi da kallo. Malam, abu ɗaya zan tuna maka: in kuna da sauran magada, ka sanar da su, a yi masa kuɗi ka biya kowa rabonsa ko su yafe maka, don ka riƙe shi da kwanciyar rai.

Sirdin kuma kada ka yar. Garin fata muke. Ka kai wa dukawa su duba tsagar, sau da yawa suna sa wata fata ta ƙasa su ɗinke. Amma ka ce musu fatar sa mai kauri, jar fatar akuyarmu ta yi laushi da ɗaukar nauyin mutum.

Mai tara tsofaffin kekuna, Arkilla:
Hajiya ta tuna mini. In akwai ƙaramin ƙarfe a bayan sirdin mai rubutun Brooks, na asali ne. Akwai noti a ƙarƙashin hancinsa na ɗaure fata, kada ka taɓa shi yanzu, busasshiyar fata yagewa take yi. Ka shafa man kaɗe kaɗan ta ciki, ka ajiye a inuwa kwana uku. Tsatsar wili kuma, takardar alminiyam da ruwa ta isa, ba ta ƙarce farin ƙarfen.

Tsohon mai faci, Ƙofar Taramniya:
Na manta giya. Akwai ɗan murfi bisa hob, nan aka ɗiga mai. Mai marar kauri, irin na keken ɗinki. Kada ka sa man gyaɗa, daskarewa shi kai ya riƙe haƙoran ciki. Kuma kafin a saita wayar giyar daidai kada ka miƙe tsaye bisa feda, tsakanin ta biyu da ta uku akwai wurin da takan zame, mutum ya sha ƙasa. In ka gama wanki ka turo shi wurina da hantsi, in saita maka, ba ni son ko kwabo.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, na yi magana da yayyena jiya da dare, duk sun bar mini. Alhaji, na karɓi shawarar sadakar, zan yi ta daga aljihuna ranar Juma'a. Yanzu na goge hob ɗin: AW, sai 71 da 4. Sirdin ma Brooks ne. Da na ɗaga murfin 'yar jakar fatar da ke rataye bayansa, na tarar da sifana guda biyu da guntun tub da ya yanka don faci, a naɗe cikin takarda mai rubutun ajami da hannunsa. Sarƙa tana cikin kananzir tun la'asar. Baba, in Allah Ya kai mu Asabar zan turo shi, sai dai sandar sirdin ta ƙi motsi ko kaɗan, na ɗiga mata mai na bar ta ta kwana kamar yadda ka ce.