Wanda aka buɗe wa ido: zai gane da gani abin da ya sani da hannu?

Malamin aji: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka taɓa zama da mutumin da aka yi wa aikin ido ya fara gani. A 1688 wani mutumin Ayilan, William Molyneux, wanda matarsa ta makance, ya aika wa masanin falsafa na Ingila John Locke tambaya. A ce an haifi mutum makaho, ya saba bambance ƙwallo da abu mai kusurwa irin dunƙulen magi ta hanyar lalube. Ranar da idonsa ya buɗe aka ajiye masa su a teburi, zai iya nuna wanne ne wanne bai taɓa ba? Locke ya sa tambayar a littafinsa a 1694, ya ce ba zai iya ba. Wani masanin falsafa, Berkeley, shi ma a 1709 haka ya ce, har ya ƙara da cewa sabo ne kaɗai ke haɗa abin da ido ya gani da wanda hannu ya ji. Leibniz na Jamus bai yarda ba: in an gaya wa mutumin abubuwan da ke gabansa, hankali zai raba masa, tunda ɗaya na da kusurwa takwas, ɗayan ko ɗaya babu. Ku me kuka gani?

Jikar Hajiya: Wa alaikumus salam Malam. Kakarmu ta yi shekaru ba ta gani saboda yana. Ana cire mata bandeji ta kira sunan babanmu, ta kuma ce ya tsufa! Ba ta lalubi komai ba. Dokin ƙofa ne kawai ya riƙa ba ta wahala, sai ta ɗaga ƙafa tun ba ta iso ba.

Nas ɗin ido: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, amma 'yar'uwa ita ba ta cikin wannan lissafi, don ta taɓa gani, tunawa kawai idonta ya yi. Wanda ba na mantawa yaro ne da aka haifa da yana a ido biyu, ba a kawo shi ba sai da ya isa shiga firamare. Bayan aiki na ɗaga masa kofin da yake shan ruwa da shi kullum. Ya zuba masa ido, shiru. Yatsunsa na sauka a kan mariƙin ya ce kofi. Uwarsa na tsaye gabansa bai kula ta ba sai da ta yi magana, nan ta fashe da kuka. Abin da ya fi jan shi haske ne da jan launi.

Malamin aji: Ikon Allah. Kusan abin da likita William Cheselden ya ruwaito ke nan a Landan a 1728, kan yaro ɗan kimanin shekara 13. Yaron ya zaci abubuwa na taɓa idonsa, yana kuma rikita kyanwa da kare sai ya kama kyanwar ya shafa.

Bakanike: Ni nawa juyin naku ne. Yaran garejina da ido suke fara sanin noti, daga nesa yaro zai ce maka wannan na sifana 12 ne. Ka tura shi ƙarƙashin mota inda sai lalube, sai ya miƙo maka 14. Hannun ma sai an koya masa.

Ɗalibar jami'a: Malam, ni labarin Cheselden bai gamsar da ni ba. Idon da aka gama yi wa aiki majinyaci ne, ta yaya za a yi masa jarrabawa? Masanin falsafa na Faransa Diderot ya kawo irin wannan ƙorafi a 1749. Gwajin da ya fi tsafta shi ne wanda aka buga a 2011, na shirin Prakash mai yi wa yara makafi aikin ido a Indiya, da yara biyar da aka haifa makafi aka buɗe musu ido. Sun iya haɗa abin da suka gani da irinsa ta gani, haka ma taɓawa da taɓawa. Amma su taɓa abu sannan su nuna shi da ido, kusan canki-canka suka yi. Cikin 'yan kwanaki sai suka fara dacewa. Locke ya ci ranar farko, sai dai saurin koyon ya sa ban sallami Leibniz ba.

Nas ɗin ido: Saurin kam na shaida, ƙanwata. Da suka dawo da yaron da na ba ku labari a duba shi, yana kiran kofi da takalmi daga nesa. Fuska ce ta daɗe tana ba shi wuya. Na ce wa uwar duk abin da ya kalla ta miƙa masa ya riƙe, ta faɗi sunansa, kuma kada ta hana shi shafa fuskarta.