Wankin mota ba tiyo a gidan haya, wa ya taɓa gwada maganin nan na bokiti ɗaya?

Mai Baƙar Corolla:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa gwadawa da hannunsa, ba wanda ya ji an ce ba. Haya nake a Ɗorayi, mu huɗu ne a gidan, mai gida ya kafa doka ba a wanke mota a ƙofar gida saboda ruwan kwanciya yake a lungu maƙota suna ta ƙorafi, kuma dama ba famfo balle tiyo, ruwan 'yan garuwa muke saye. Motar baƙa ce ga hazo ya fara sauka, ka wanke da safe kafin la'asar yara har sun rubuta suna a gilashi. Na ga wani maganin wanki da ba a ɗauraya, Optimum No Rinse, wai ɗan kaɗan za ka zuba a bokiti ɗaya ka goge ka tsane shikenan. Wani zai kawo min kwalba a 32,000. In saya ko in ci gaba da kai ta wajen wanki ana karɓar 2,000 duk zuwa? Babban tsorona kar ya karce min fenti.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumussalam. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayi tiyo mai tsawo, bai kai rabin wannan kuɗin ba.

Abban Yara:
Malam ya ce BA FAMFO. Tiyon a hancin mai gidan zai jona?

Na Kurna:
Ni shawarata ka tashi daga gidan kawai. Mai gidan da ya hana ka wanke mota gobe alwala zai hana ka.

Injiniyan Hotoro:
Ɗan uwa ina amfani da shi kuma yana yi, amma sai ka bi ƙa'idarsa. Haɗinsa kashi 1 ne cikin 256, wato kamar mil 30 a ruwa lita 8, ka ga babbar kwalbar da ta kusa lita ɗaya za ta yi maka wanki wajen 30. Aikinsa shi ne ya lulluɓe ƙurar ya ba ta santsi yadda za ta taso cikin tawul ba tare da ta gurji fentin ba, shi ya sa ba kumfa ba ɗauraya. Amma ba da tsohuwar singileti ba fa, tawul ɗin maikrofaiba, mai laushin nan na goge mota, za ka nema kamar guda 8 ka jiƙa su duka a bokitin. Da fari ka zuba haɗin a ƙaramin famfon feshi irin na manoma ka fesa wa motar ka bar shi ya ɗan jiƙa. Sai ka ɗauki tawul ɗaya ka ninke huɗu, ka shafa a miƙe ba dannawa ba zagaye, kowace fuska sau ɗaya ka juya, in ya ƙare ka jefa shi gefe, kar ka kuskura ka mayar da shi bokitin. Daga rufi ka gangaro, ƙofa ɗaya ka tsane ta da busasshe sannan ka koma ta gaba, kuma a inuwa, da asuba ya fi. Taya da ƙasan mota su ne ƙarshe da tawul nasu daban. In laka ce ta daskare irin ta damina kuwa kar ma ka fara, kai ta wajen masu inji.

Alhajin Naibawa:
Tab. Yaro ka ji tsoron Allah ka bar mutumin nan da fentinsa. Ni irin wannan daɗin bakin ne ya kai ni ya baro. Baƙar Honda na sayo 'yar Kwatano, fentinta na kamfani ko ƙwarzane babu, ka tsaya a gefenta kana ganin hularka. Bara da sanyi na je sayen mai na burki wani yaron shago ya fito da kwalbar feshi, ya fesa a bonet ya goge da ƙyalle sai ga wajen yana walƙiya, ya ce Alhaji ka huta da kuɗin wanki. Na biya 9,000 na taho. Duk safiya yaron gidana ya fesa ya goge, ni kuwa ina ta yaba wa abokai har biyu suka saya saboda ni. Wata rana na yi fakin a filin Idi wajen ɗaurin aure rana ta take, ina fitowa na hango motar, wallahi jikinta duk zane-zane ne zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo, daga bonet har but. Na koma shagon yaron ya rantse bai taɓa ganina ba, mai shagon ya ce ai ba su ba da garanti. Na kai wa mai fenti ya ce bofin, wato gogewa da inji, shi zai cire zanen, 45,000, ya sa inji ya ci shafin saman nan mai sheƙi a gefen ƙofa har wajen ya dushe ya yi fari, da na yi magana ya ce dama fentin ne ya gaji. Ƙarshe sai da aka sake feshin ƙofofi biyu kuma kalar ba ta zo ɗaya ba, yanzu duk dillalin da ya gani cewa yake ta taɓa hatsari. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Abban Yara:
Allah ya mayar da alheri Alhaji. Amma abokan nan biyu suna gaishe ka har yanzu?

Alhajin Naibawa:
Ɗaya dai gaisuwar ta ragu.

Injiniyan Hotoro:
Yallabai Allah ya huci zuciyarka amma ba abu ɗaya ba ne. Naka na feshi ne da ake gogewa ba ruwa sam, shi don 'yar ƙura mara yawa aka yi shi, wannan kuwa tawul a jiƙe sharkaf yake hawa motar. Kuma ƙyalle ɗaya yaron yake ta maimaitawa kullum ko? To ai yashi yake goga mata.

Baba Mai Wanki:
Kai Injiniya a waya ka koya, ni shekara da shekaru ina wanke motocin mutane a gefen Zoo Road tun ana biyan 200. Turawan da suka haɗa abin nan sun san hazon Kano? Ƙurar nan daga hamada iska take kwaso ta, duk laushinta ƙasa ce, in ba ka kore ta da ruwa ba ka ɗora mata tsumma to ka yi aika-aika. Ba wani magani da ya fi ruwa.

Ɗan Fagge:
Baba ai dole ka faɗi haka, kasuwarka ake son kashewa 😂

Injiniyan Hotoro:
Baba da girmanka, amma soso ɗaya da bokitin omo ɗaya da yaranku ke wanke mota goma da shi, a wanke taya a dawo bonet, shi ba ya karce fenti? Rabin zanen da ke jikin motocin garin nan a wajen wanki aka samo shi, kuma omo cinye folish yake.

Baba Mai Wanki:
Ba a wajena ba. Zo ka gani da idonka, sosona uku.

Maman Biyu:
Ni mace ce kuma ni nake wanke tawa a Sheka saboda na gaji da zaman jira cikin maza. Duk ku biyun kuna da gaskiya. In hazon ya yi yawa buta biyu nake fara kwarara mata daga sama ƙurar ta sauka, sannan in yi yadda Injiniya ya faɗa, ruwan da ke zuba ƙasa bai kai na wankin kwanuka ba. Abin da ba wanda ya faɗa maka shi ne wankin tawul ɗin, shi ne wahalar, kuma in ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar. Kuma 32,000 ta yi yawa, 19,500 na sayi tawa.

Mai Baƙar Corolla:
Hajiya a ina? Kuma babbar ce ko ƙarama?

Na Kurna:
19,500? Ko dai ƙaramar ce ko kuma an sirka. Ni 41,000 aka ce min daga Legas banda kuɗin mota. A kasuwar nan ana ɗura shuɗin ruwa a tsohuwar kwalba a liƙe.

Maman Biyu:
Ƙanwata ce ta taho min da ita, ban san lissafin dala ba ni dai abin da na tura mata kenan.

Abban Yara:
Mu masu farar mota muna gefe muna shan shayi. Tawa rabonta da wanka tun ruwan ƙarshe na damina kuma ba wanda ya lura.

Malamin Rijiyar Lemo:
Ni tambayata wane ruwa za a zuba a bokitin? Na unguwarmu zartsi ne, in ya bushe a gilashi fari-fari yake bari. Kuma jarka yanzu 200 a wajenmu, in ba wuta ta koma 300 wai sun sayi man janareto.

Ɗan Fagge:
150 ce a nan.

Malamin Rijiyar Lemo:
Zo ka kawo min a 150 ɗin in sayi kura guda yau. Mu sai ka yi wa mai garuwa waya sau uku yana ce maka gani nan, in ya zo kuma ya ce ba ya hawa bene.

Alhajin Naibawa:
Abin takaicin kenan. Jihar da ke da dam ɗin Tiga da na Challawa a ce magidanci yana lissafin buta nawa zai zuba wa motarsa. Famfon gidanmu tun yarana suna firamare rabon da ya ɗiga, yanzu ƙadangare ne a ciki.

Na Kurna:
Namu mai gidan ya haƙa burtsatse da kuɗin da ya ƙara mana a haya, yanzu kuma sayar mana da ruwan yake, ya sa wa tankin kwaɗo makullin yana aljihun ɗansa. Wannan halal ne dan Allah? Akwai malami a nan?

Mai Baƙar Corolla:
Jama'a mai kawo kwalbar yana jirana zuwa gobe da azahar fa. In saya ko in bari?

Malamin Rijiyar Lemo:
Na Kurna, a jarka yake sayar muku ko a wata? Don namu ma ya fara wannan maganar.